Ranar da Koci ya kira gayya

Shekarun baya, wajen takwas ke nan, na yi wa tsohon kocinmu wani abu da ban taɓa ba da labarinsa a fili ba. Kwanan nan na ga hotonsa yana yawo a shafukan sada zumuntan nan, kowa yana zuba masa kirari, masu cewa gwarzo ne suna faɗa, masu cewa ba a sake haifar irinsa ba suna faɗa. Har da ni na danna alamar so a ƙarƙashin wani rubutun. Daga baya na zauna na ji kunyar kaina, shi ya sa na ce bari in rubuta wannan, ko da masu kirarin za su ji haushina.

Ga waɗanda ba su san shi ba, mutumin Argungu ne, tsohon malamin wasanni, kuma shi ya riƙe ƙungiyar ƙwallon garin lokacin muna samari. Gajere ne mai faɗin ƙirji, kullum usur a wuya, malafa a ka, ko a cikin ɗaki ne. Muryarsa kuwa masunta kan rantse suna jin ta daga cikin kwalekwale. Ba ya kiran kowa da sunansa. Ni ɗan Gulma yake ce min. Golanmu kuma ɗan fasto, alhali mahaifinsa ba fasto ba ne, direba ne da aikin gwamnati ya kawo Birnin Kebbi daga Filato, a nan aka haifi abokin nawa, a nan ya girma. Bakin Koci ba shi da linzami. Ya taɓa faɗa a rediyo cewa shugabannin kwamitin da ke kula da mu sun san ƙwallo kewayayyiya ce don kawai an gaya musu. Talakawa suna sonsa saboda bakin nan, manya kuma suna jiran ranar da bakin zai kai shi ƙasa.

Mahaifina manomin shinkafa ne a fadamar Gulma, kuma a wurinsa ƙwallo aikin marasa aikin yi ne. Shekarar da Koci ya ɗauke ni ɗan baya, wani babban wasa ya faɗo daidai lokacin yankan shinkafa. Mahaifina ya ce ko taki ɗaya ba zan yi ba sai an gama yanka. Na rasa yadda zan yi, sai na aika wa Koci cewa zazzaɓi ya kwantar da ni. Washegari da hantsi sai ga shi a kan tsohuwar besfarsa har bakin gonarmu, ya tarar da mai zazzaɓi ɗauke da dami a ka.

"Ɗan Gulma, sannu da jiki," in ji shi. "Lalle ciwon ga ya ci ka."

Bai sake bi ta kaina ba. Ya cire malafa ya gaida mahaifina kamar yadda ake gaida manya, ya tambayi iyali, ya yaba shinkafa, sannan ya ce, "Malam, in kai da ɗiyanka kaɗai za ku yanke ta, kwana nawa taka ɗauka?"

Mahaifina ya ce, "Kwana goma, in Allah ya yarda."

"To ni ina da ƙattai sha takwas, ba su san komi ba sai gudu da cin tuwo. In na kawo ma su Alhamis munka yanke ta rana guda, ka ara min wanga ranar Asabar?"

Mahaifina ya dube shi sama da ƙasa. "Gayya kaka nuhi?"

"Gayya nika nuhi. Naka dai tuwo da hura."

Ranar Alhamis kuwa a bayan wata motar ɗaukar albasa suka iso. Koci ya tsaya a kan kunya ya raba mu kamar za a take wasa, 'yan baya su yanka, 'yan tsakiya su ɗauka su kai, 'yan gaba su yi bugu tunda sun ce sun iya duka. Yana busa usur yana zagin kowa. Ɗan fasto bai taɓa riƙe lauje ba a rayuwarsa, ko minti goma bai yi ba ya yanke yatsa, Koci ya ce a ɗaure masa da tsumma ya koma ɗaukar ruwa, tunda hannun da ƙungiya ta dogara da shi ba ya bambanta shinkafa da nama. Ban taɓa ganin mahaifina yana dariya har da hawaye ba sai ran nan. Kafin la'asar an gama gonar, ranar Asabar kuma shi da kansa ya zo kallo, ya zauna a bayan raga yana tambayar na kusa da shi wane gefe ne namu.

Daga nan abin ya zama al'adar ƙungiya. Duk kaka sai mu bi gonakin iyayen 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, Koci yana cewa babu atisayen da ya kai wannan. Iyayen da ke ɓoye 'ya'yansu daga ƙwallo suka koma kawo su da hannunsu. Idan muna wasa ƙauye guda kan taso, wasu a jaki wasu a ƙafa, don su ga ƙungiyar da ta yanke musu shinkafa. Kofunan da muka ci ba su da yawa, kada ma wani ya ruɗe ku da kirari. Amma filinmu bai taɓa zama fayau ba.

Bakin nasa ya kai shi inda ake jira. Shugaban kwamitin ya matsa a saka ɗan ƙanensa a jerin 'yan wasa. Koci ya yi ta kaucewa, har ran da mutumin ya tare shi a bakin fili gaban jama'a. Ina tsaye a wurin, da kunnena na ji. Ya ce, "Ranka shi daɗe, ɗan ƙanenka yaron kirki na, shina gaishe da mutane. Amma ƙwallo ba ta san shi ba, shi ma bai san ta ba, ban ko ga dalilin da za ni haɗa su hwaɗa ba." Fili ya ɗauki dariya. Bayan mako biyu aka miƙa masa takardar sallama. Ya naɗe ta ya sa a aljihu, ya hau besfarsa ya koma gona, bai sake horar da kowa ba. Ƙungiyar ba ta yi shekara uku a bayansa ba ta watse. Mu ma muka watse. Ni na samu aiki a wata ma'aikata a Birnin Kebbi, na yi aure, na ajiye tumbi. Ɗan fasto ya buɗe shagon kayan babur. Wasu suka shiga siyasa, wasu kasuwa. Koci sai gaisuwar salla, ita ma ba kowace ba.

To, shekarar da nake ba ku labari, mu tsofaffin 'yan wasansa muka buɗe zaure a waya, muna tura tsofaffin hotuna muna yi wa juna tsiya. Wani ya kawo shawara a karrama Koci tun yana raye. Kowa ya ce madalla. Aka tsara wasan karramawa a Birnin Kebbi, da rumfuna da kujeru da 'yan jarida da lambar yabo ta katako mai sheƙi. Ni aka naɗa sakatare saboda na iya rubuta wasiƙa mai daɗi. Babban baƙo kuma, ku riƙe dariyarku, shi ne wancan shugaban kwamiti da ya kore shi. A lokacin ya ƙara zama babba, kuma shi kaɗai ne zai iya samar mana fili da rumfuna da kyamara da kiran waya ɗaya tak. Muka gaya wa kanmu cewa ai sulhu ne, abin ma zai fi armashi. Shi ya zaɓi ranar, wata Asabar a ƙarshen bazara, ya ce bayan ita zai yi tafiya.

Saura mako guda muka ba ɗan fasto katin gayyata ya kai Argungu, don shi ne mai leƙa tsohon a kai a kai. Ranar Litinin ya shigo ofishina ko zama bai yi ba.

Ya ce, "Na kai mai. Ya karanta, da yag ga sunan babban baƙo yay yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce in gaya muku Asabar ba shi da sarari, shina gayya."

Na ce, "Gayyar mi?"

"Shinkahwatai ta rani ta nuna, hadari kau ya hwara haɗuwa gabas. Ya ce ɗiyanai na ƙwallo duka su zo da sahe. Kuma ya rame ƙwarai, ban ji daɗin ganinai ba."

Ga wanda bai san noman rani a fadamarmu ba, shinkafar da ta nuna a ƙarshen bazara tana tsere ne da ruwan farko. Gonar Koci a kwari take kusa da gulbi. Idan ruwa da iska suka riske ta a tsaye, za ta kwanta cikin ruwa, kwana biyu ta yi baƙi ko ta fara tsiro. Kuma ita ce abincin gidansa na shekara. Ya haura saba'in, 'ya'yansa mata ne duk suna gidajen aurensu. Duk wannan na sani, ba sai an yi min bayani ba.

Da yamma muka zauna taro a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidana. Wani ya ce a ɗaga bikin. Aka ce ba ya ɗaguwa, an buga kati, an yi sanarwa a rediyo, babban baƙo ba ya da wata ranar. Kowa ya koma kallon wayarsa. Sai ni, gwanin dabara, na gyara murya. Na ce ai abin mai sauƙi ne. Mu ɗauki 'yan ƙwadago goma masu jini a jika, mu sa su a mota da asuba su je su yanke masa, motar kuma ta dawo mana da shi wurin biki. Na ce ku dube mu mana, wannan na fama da gwiwa, wancan da sukari, ni kaina idan na duƙa ɗaure takalmi sai na huta. Abin da za mu yini muna yi, su kafin azahar sun gama. Kowa ya ce kai sakatare Allah ya ja kwana. Na ji kaina ya yi girma, ba zan ɓoye muku ba.

Ɗan fasto ne kaɗai bai ce komai ba sai da aka gama yabona. Sannan ya ce, "Kai ɗan ƙauye na, ka hi ni sanin mi a gayya. Ka taɓa ganin an kira mutum gayya ya aiko ɗan haya?"

Na ce zamani ya canja. Na ƙara da tsokana, na ce shi da ya kusa barin yatsa a gonarmu shi ne yau zai koya min gayya. Aka yi dariya. Bai yi ba. Ya ce shi dai zai je. Aka ce ai kai ne gola a wasan. Ya ce a nemi wani, ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Ranar Asabar da sassafe na sallami motar da 'yan ƙwadago, na koma fili ina jera kujeru. Na sa farar shadda sabuwa. Wajen ƙarfe goma direban ya kira ni, muryarsa a daburce, ya ce tsohon ya hana su ko taka gonar, ya tsaya a kan kunya da sanda. Na ce ya ba shi wayar.

"Ɗan Gulma."

"Na'am, Baba Koci. Ina kwana?"

"Su wa na waɗanga?"

"Ma'aikata na, Baba, mu munka turo su. Sun iya aiki, kahin azahar sun gama. Kai kau ka shiga mota, mutane na nan na jiranka."

Ina jin numfashinsa ta cikin wayar. Sannan ya ce, "Ran da naz zo gonar babanka, ma'aikata na turo mai?"

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"Ni ban ce muku na rasa mai yanka ba. Argungu cike take da masu lauje. Ku nik kira."

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, an riga an shirya komi, babban baƙo ma ya kusa isowa."

"To ku karrama shi," in ji shi. "Shi ad da Asabar taku." Ya miƙa wa direba wayarsa.

Aka yi biki. Kujerarsa tana tsakiyar rumfa da takardar sunansa a manne, babu kowa a kai. Ni na ɗauki makirfo na sanar da jama'a cewa jiki ne ya ɗan motsa masa, yana gaida kowa. Babban baƙo ya tashi ya yi jawabin rabin awa. Ya ce ya san Koci tun suna matasa, mutum ne mai faɗin gaskiya komai ɗacinta, irinsu ƙasar nan take buƙata. Aka tafa, da hannuwana biyu na taya. Aka kira ni na karɓi lambar yabo a madadinsa, muka riƙe ta ni da mutumin muna murmushi ana ɗaukar hoto. Sannan muka shiga fili da tumbunanmu muka yi minti ashirin ashirin muna haki, 'yan kallo suna shan dariya.

Abin da ya fi muni ba ranar na yi shi ba. Bayan an watse, ɗaya daga cikinmu ya ce gobe Lahadi babu aiki, mu tattara mu je mu yi gayyar nan ko da a makare. Mutum huɗu ko biyar suka ce sun yarda. Ni na hana. Na ce ku bar shi ya huce tukuna, kun san bakinsa, Asabar mai zuwa sai mu je gaba ɗaya. Gaskiyar magana kuwa haushinsa nake ji. Wata biyu ina wahalar shirya masa biki ya kunyata ni, ya sa na yi ƙarya a makirfo. So nake shi ma ya ɗan ji babu daɗi. Tunda ni ne sakatare, aka bi maganata.

Koci da ɗan fasto da maƙwabta biyu suka yi ta fama, daga Asabar zuwa Talata ba su ci ko sulusin gonar ba. Ranar Talata bayan la'asar gabas ta yi baƙi. Ina tsaye a tagar ofis iska ta taso tana kwashe kwanon rumfunan masu shayi, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Abokan aikina suna murna zafi ya karye. Ni kuwa na zauna a kujera na kasa ko tattara takarduna.

Da safe na kama hanyar Argungu. Inda mota ta tsaya na hau babur zuwa fadama. Kuma don ku san irin wautata, lambar yabon nan na ɗauko ta a leda, wai ko za ta sanyaya masa rai. Na tarar da gonar a kwance shame-shame, ruwa ya kai ƙauri, zangarniya duk a cikin laka. Ɗan fasto yana ciki ya naɗe wando yana tsamo abin da zai tsamu da hannu. Ya ɗago ya gan ni, ya mayar da kansa. Koci yana zaune a kan wani durom da aka kifa, ya yafa mayafi. Sai a lokacin na ga ramar da aka gaya min, wuyansa ya zama siriri, malafar ta yi masa yawa.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa lafiya lau, kamar jiya muka rabu. Ya nuna ledar da haɓa.

"Mi an nan?"

"Lambar yabonka ta, Baba."

Ya karɓa ya juya ta gaba da baya, ya karanta rubutun a hankali har da sunan babban baƙo a ƙasa. Ya ce, "Icce mai kyau. Sai dai ba a tuƙa tuwo da shi." Ya jingine ta jikin durom.

A nan zuciya ta ɗebe ni. Na miƙe na ce, "Baba, da ka bari sun yanke, da yanzu tana cikin buhu. Taurin kanka ya jawo wanga abu, ba mu ba."

Na zaci zai tashi da tsawa. Sai ya gyaɗa kai. "Gaskiya kaf hwaɗi, ni kau na koya ma hwaɗin ta. Taurin kaina ya ci shinkahwata, na yarda. Ni na san abin da yah hana ni karɓar su. Kai mi yah hana ka zowa Lahadi?"

Ashe labari ya kai masa.  Ya ce in za ka shiga ka cire takalmi, in ba ka shiga ka matsa gefe. Na cire takalmi na shiga. Har azahar muna tsamo zangarniya muna shanyawa a kan tamfol, ni da abokina babu mai ce wa wani uffan. Abin da muka tsamo rabinsa ya riga ya lalace. Da zan tafi na ce masa za mu dawo Asabar. Ya ce, "Ku zo ku yi mi?"

Daga baya mun haɗa buhunan abinci mun aika. Ya ce a raba wa maƙwabtan nan biyu da suka taya shi. Matarsa ce ta ɓoye wani abu a ɗakinta ba da saninsa ba, da shi da abin da surukai suka kawo suka ci damina. Shi bai ga ƙarshenta ba. Wata Juma'a da hantsi ɗan fasto ya kira ni ya ce Koci ya cika.

Ranar sadakar uku muna zaune a ƙofar gida, sai babbar 'yarsa ta leƙo ta ce Inna tana kiran ɗan Gulma. Na shiga na durƙusa daga bakin ƙofa na yi mata gaisuwa. Tsohuwa ce mai sanyin magana, duk shekarun da na yi a ƙungiya ban taɓa jin muryarta ba. Ta nuna min wani buhu a jingine bayan randa ta ce in buɗe. Lauzuna ne sababbi a ciki, ko ƙotarsu ba ta yi datti ba.

Ta ce, "Tun saura sati biyu yat tahi wurin maƙeri da kainai. Ya ce ku mutanen birni na yanzu, ba wanda ad da lauje gidanai. Sha shidda yas sa anka ƙera."

Mu sha takwas ne a ƙungiya, biyu sun rasu. Ashe yana lissafe da mu.

Ta ce ranar Asabar ɗin ya sa an yanka akuyarta, ta kira maƙwabta mata suka tuƙa tuwo tukunya biyu, aka dama fura cike da ƙwarya uku. Tun da ya idar da sallar asuba ya tafi bakin gona, duk ƙarar motar da ya ji sai ya miƙe. Da yamma aka bi gida gida da tuwon ana rabawa.

"Likita ya riga ya gaya mai ba shi ganin wata kaka," in ji ta. "Nic ce to ka gaya musu mana, sai su zo. Yac ce a'a. In sunka ji ba ni lahiya dubiya za su zo, su zauna su yi tagumi suna kallona. Ni so nike in gan su tsaye cikin layi in yi musu tsawa." Ta gyara lulluɓinta. "Ka ɗauke su, ɗana, ba ni son ganinsu. Sha biyat na, abokinka ya tahi da nashi."

Ɗan fasto ya ga lauzunan, ya ga tuwon, ya ci a ciki, amma bai taɓa gaya min ba. Har yau ban tambaye shi dalili ba. Muna gaisawa, ina sayen kaya a shagonsa, sai dai hirar da muke yi da can ta mutu.

Yanzu akwai gasar da ake yi da sunan Koci, kuma kun san wanda ke miƙa kofin. Masu horarwa na yanzu da suka ji labarinsa sun ɗauki tsawar da zagin, kowa yana ganin shi ne magajinsa, amma ban ji wanda ya san hanyar gonar uban ɗan wasansa ba. Idan aka taru ana tuna shi, barkwancinsa ake maimaitawa a yi dariya a tashi. Abin yana ƙona min rai, sai in tuna ba ni da bakin magana, don duk cikin masu kirarin babu wanda aka yanke wa ubansa gona kafin ni. Har yanzu ina ganin ya yi kuskure da ya kori 'yan ƙwadagon nan, abincin matarsa ne ya bari a ruwa, kuma wani lokaci ina jin haushinsa a kan haka kamar yana raye. Amma Asabar ɗin zan iya raba laifinta da mutum goma sha huɗu da babban baƙo. Lahadin tawa ce ni kaɗai. Abin da na koya, idan har na koyi wani abu, bai wuce wannan ba: idan wanda ya taɓa tsaya min ya kira ni, na daina tambayar kaina yadda za a yi aikin ya fi sauri. Sai dai na koye shi a lokacin da mai kiran ya daina kira.

Bayan an yi arba'in na kai buhun wurin taronmu na ajiye a tsakiya, na ba su labarin kamar yadda Inna ta ba ni.  Mutum uku suka miƙa hannu suka ɗauki nasu. Sauran suka ce ba su zo da abin sakawa ba, za su biyo gida su karɓa. Shekara takwas ke nan buhun yana bayan ƙofar sitona, babu wanda ya biyo. Nawa ma yana ciki, har yau ban iya zaro shi ba.